Takari: wace ma'ana za a sa a lamba 1?

Malama Sa'adiyya, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Kamar yadda wasunku suka sani, ina haɗa ɗan ƙaramin ƙamus na Hausa da Larabci saboda yaran ajinmu na ranar Asabar, waɗanda aka haifa a nan, Hausarsu ta tsaya a "zo ka ci abinci" da "je ka kwanta". Na iso harafin T, na cije a kan kalmar Takari. Ma'ana uku na tara. Akwai mutumin Afirka ta Yamma da ya zo aikin hajji ya zauna, shi da zuriyarsa. Akwai wanda ke zaune a ƙasar nan ba iƙama, wato takardar zama, yana wasan ɓuya da hukuma. Akwai kuma mutumin tsohuwar daular Takrur, inda aka ce sunan ya fito. Duka ukun zan rubuta. Tambayata ita ce wacce zan sa a lamba 1, don yaro ta farkon yake haddacewa ya rufe littafi.

Hajiya Laraba, Jidda:
Wa alaikumus salam. Malama, wannan ai ba abin tsayawa ba ne. Ki shiga Kantin Kwari ki ce "wance ta tafi takari", ki ga ko akwai wanda zai tuna da wata daula. Kowa zai gane cewa ta shigo da bizar Umra ta ƙi komawa, tana aikatau ko tana sayar da abinci a Sharar Mansur ta Makka. Abin da ke bakin mutane ke nan, shi za ki sa a gaba.

Abu Rayyan, Makka:
Hajiya, da girmamawa, wannan a Kano ne. Littafin nan ba 'yan Kano za su karanta ba. A Makka aka haife ni, a Makka aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo a ƙafa ta Sudan. Idan jiya wani yaro ya kira ɗana "takruni" a makaranta, yau ya buɗe littafin Malama ya ga lamba 1 "wanda ba shi da takarda", me kike so ya ɗauka game da kansa? Da za a bi ta tawa, a cire kalmar gaba ɗaya.

Hajiya Laraba, Jidda:
Cire ta daga littafi ba zai cire ta daga bakin mutane ba, ɗana.

Kawu Idi, Jidda:
Ku yara ba ku san asalin abin ba. Mu abin da muka ji daga manya shi ne, Larabawa sun ga mutanenmu suna maimaita hajji, bana su zo, baɗi su sake zuwa, sai suka ce "takarrara", wato ya maimaitu. Daga nan Takruri ya fito. Sunan yabo ne, ba na zagi ba.

Nura, Riyad:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Wannan bayani yana da daɗin ji, kuma ya daɗe yana yawo, amma sunan ya girmi labarin. Takrur ƙasa ce ta gaske a bakin kogin Sanagal, yankin da ake kira Futa Toro. Al-Bakri, malamin Andalus, ya ambace ta a littafin da ya rubuta a 1068, ya ce sarkinta War Jabi ya musulunta ya ɗora mutanensa kan shari'a. Tana cikin daulolin farko na Afirka ta Yamma da sarautarsu ta karɓi Musulunci. Da Larabawan Masar da Hijaz suka saba da sunan, sai suka shimfiɗa shi a kan duk alhajin da ya fito daga yamma, Bahaushe ne, Babarbare ne, Bamalle ne. Jam'in shi ne Takarir ko Takarina, daga nan muka sami namu Takari. Ko Tukulor da Faransawa ke kiran mutanen Futa Toro daga wannan suna ne.

Abin dariyar ma shi ne, ƙorafin Abu Rayyan ba sabo ba ne. Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324, Misirawa suna ce masa sarkin Takrur. Al-Umari, marubucin wancan zamani, ya rubuta cewa sarkin Mali ba zai so jin wannan ba, domin Takrur yanki ɗaya ne kawai cikin ƙasarsa. Shekara 700 ke nan ana jin haushin sunan nan.

Kawu Idi, Jidda:
To, malaman boko sun zo. Ni dai abin da na ji na faɗa.

Malama Sa'adiyya, Makka:
Kawu, mun gode, zan sa naka a matsayin abin da ake faɗa. Malam Nura, ke nan kana ganin daular zan sa a lamba 1, tunda ita ce tushe?

Nura, Riyad:
A'a, ban ce ba tukuna. Masu ƙamus kansu ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Babban ƙamus na Oxford ma'anar da ta fi tsufa yake farawa da ita, ko da ta mutu, sannan ya gangaro, don aikinsa ba da tarihin kalma ne. Ƙamusoshin masu koyo kuwa, irin na Cobuild da ya fito a 1987, tara rubuce-rubuce masu yawa aka yi a kwamfuta aka duba yadda ake amfani da kowace kalma, aka gabatar da abin da mai koyo zai fi cin karo da shi. Na farkon na mai bincike ne, na biyun na wanda zai shiga kasuwa gobe. Naki na yara ne masu koyo.

Hajiya Laraba, Jidda:
Alhamdu lillahi, ka dawo kan maganata.

Nura, Riyad:
Rabin maganarki, Hajiya. Saura a ce kasuwar wane gari.

Malam Bashir, Madina:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, domin malaman usulul fiƙhi sun gama da wannan mas'ala tun ba a haifi Oxford ba. Sun ce kalma tana da haƙiƙa iri uku. Akwai ta luga, wato abin da aka fara ajiye kalmar dominsa. Akwai ta shari'a. Akwai ta urfi, wato abin da mutane suka saba nufi. Salla a lugar Larabci addu'a ce. Amma idan aka ce "ku tsai da salla", ba wanda zai ɗaga hannu ya yi addu'a ya ce ya sauke farali, don ma'anar shari'a ta rinjayi ta luga a wannan wuri. Dabba a luga duk abin da ke tafiya a bayan ƙasa ne, har mutum. A urfi kuwa mai ƙafa huɗu ce. Wanda ya kira maƙwabcinsa dabba ya ce ai luga yake nufi, sai a raba su.

Ga wadda ta fi kusa da tamu. Mutum ya rantse ba zai ci nama ba, sai ya ci kifi. Kaffara ta hau kansa ko ba ta hau ba? Alƙur'ani ya kira kifi nama a Suratun Nahli, aya ta 14, "lahman ɗariyyan". Duk da haka Hanafiyya da Shafi'iyya suka ce rantsuwa ba ta kama shi ba, saboda ba wanda ake aika sayen nama ya dawo da kifi. A cikin mazhabarmu ta Malikiyya ma an saɓa: Ibnul Ƙasim ya ce ta kama shi, Ashhabu ya ce ba ta kama shi ba, ya bi al'adar mutane. Ku duba fa, lafazin yana cikin Alƙur'ani, amma manyan malamai suka ce a maganar mutane abin da mutane ke nufi ake bi.

Saboda haka daular Takrur ba ta da hurumin lamba 1. Ba Bahaushen da ya taɓa cewa "Takari" yana nufin mutumin Futa Toro.

Abu Rayyan, Makka:
Na yarda da wannan, ya Shaikh. Amma urfin wa? Na Kano ko na unguwar Misfala a nan Makka?

Malam Bashir, Madina:
Na mai magana da wurin da yake magana. Haka suka ce. Rantsuwar mutumin bakin teku da ta mutumin daji ba lalle hukuncinsu ya zama ɗaya ba.

Maman Hanan, Makka:
Ku yi haƙuri in katse ku, akwai wanda ya san mai zuwa Kano a satin nan? Saƙon magani ne, ba shi da nauyi.

Shugaban zaure:
Maman Hanan, a tura wannan a ɗaya zauren na saƙonni. A ci gaba.

Usman, Gadarif:
Salam. Sai yanzu na sami intanet, tun jiya babu wuta. Na karanta duka. Ku a Hijaz kuna fama da Takari, mu a Sudan namu sunan Fallata. Asalinsa daga Barebari ne, haka suke kiran Fulani. Amma a nan an daɗe ana kiran duk wanda kakanninsa suka fito daga yamma da shi, ko bai san "jam" ɗaya da Fulatanci ba. Ni Bahaushe ne gaba da baya, dangin mahaifiyata suna Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma a bakin mutane da yawa ni Fallati ne. In ka tambayi Bafulatanin da ke kiwo, zai ce sunan nasa ne shi kaɗai, Hausawa Hausawa ne. In ka tambayi wani a Khartum, zai haɗa mu duka. Wani kuma in ya faɗa, nufinsa "ba ɗan ƙasa ba", ko da kakanka ne ya noma audugar Jazira tun ana buɗe madatsar Sinnar a 1925. Kalma ɗaya ce, amma sai ka ga fuskar mai faɗa kafin ka san wacce ya ɗauko.

Takarir ma muna da su a tarihin nan, mutanen yamma da suka zauna a Gallabat, kan iyakar Habasha, tun ƙarni na 18.

Abin da nake so in ce wa Malama: ma'anar zagi ba ta rasa masu faɗa, amma kada yawan masu faɗa ya sa a ba ta kujerar gaba. In ana bin yawan baki ne kawai, to duk sunan da masu rinjaye suka ɓata ya ɓaci ke nan har a littafinmu.

Hajiya Laraba, Jidda:
Usman, Allah ya kawo muku sauƙin wannan yaƙi. Amma ni ban ce zagi ba. Matan da nake magana a kansu da bakinsu suke cewa "mu takari". Suna da adashinsu, suna aurar da 'ya'ya a gida da kuɗin da suka tara, wasu sun gina gidaje a Kano da Katsina. Kuna zaune kuna kawo Mansa Musa, su kuwa su ne suke amsa sunan yau. In an kama su a kai su tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, ba wanda ke tambayar su War Jabi.

Nura, Riyad:
Wannan magana ce mai nauyi, Hajiya, kuma ba na musa ta. Amma ki duba yadda ma'anonin suke rataye. "Mai zama ba iƙama" reshe ne na "mutumin yamma mazaunin Hijaz". Ba za ki iya bayyana ta biyun ba sai kin ratsa ta farkon. Balarabe ko Ba'indiye da bizarsa ta ƙare ba a ce masa Takari. Ke nan ba rashin takarda ne ya ba da sunan ba, asalin mutum ne. Iƙama da biza kuwa abin jiya ne, ƙasar Saudiyya kanta a 1932 ta sami wannan suna, alhali Takarir suna Makka da Madina ɗaruruwan shekaru kafin nan. Ibnu Faris a ƙamusunsa na Larabci Maƙayisul Luga haka yake yi: ya nemo ma'anar da sauran suke komawa gare ta, ya kira ta asali, sannan ya jero rassan. Ba lalle ta zama mafi tsufa ba, ba lalle ta zama mafi yawa a baki ba. Ita ce dai wadda in ka riƙe ta za ka gane sauran.

Malam Bashir, Madina:
Ka ga yanzu ka kawo ma'auni na uku. Da tsufa ne da yawan amfani, yanzu ga "wadda sauran ke rataye a kanta".

Nura, Riyad:
Na kawo, kuma ba kullum yake aiki ba. Ɗauki boko. A 2013 Paul Newman, masanin harshen Hausa, ya yi rubutu ya nuna ba daga kalmar Turanci ta littafi ta fito ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na gaske ba, irin amaryar boko da ake sa wa lulluɓi a maimakon ta ainihi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da waɗannan ma'anoni. Karatun boko daga nan ya rataya. Amma yau wa zai sa "algus" a lamba 1 a littafin yara? Reshen ya riƙa har ya rufe uwar. A Takari kuwa uwar tana nan da ranta, ga Abu Rayyan nan yana jin ta a makarantar ɗansa.

Usman, Gadarif:
Sunan ƙasarmu ma haka ne. Biladus Sudan da can tun daga Tekun Atlantika ne har Bahar Maliya. Shehu Usmanu da ya rubuta Wasiƙatu Ahlis Sudan ba mutanen Omdurman yake nufi ba, ƙasar Hausa da maƙwabtanta yake nufi. Mali sunanta Sudan ta Faransa a zamanin mulkin mallaka, sai a 1960 ta zama Mali. 'Yan mishan na SIM da suka yi aiki a Arewacin Najeriya, S ɗin nan Sudan ce. Amma tun da muka sami 'yanci a 1956 muka riƙe sunan, yau in ka ce Sudan ba mai tunanin Sakkwato.

Kawu Idi, Jidda:
To ashe ni ma Basudane ne tun ban hau jirgin ruwa a Bur Sudan ba.

Abu Rayyan, Makka:
Ni har yanzu raina bai kwanta ba. Kuna magana kamar kalmar ba ta da ƙaya. A nan in aka ce "ya takruni" a titi, ba tarihi ake karanta maka ba. Muna da sunayenmu da muke alfahari da su. Hausawi, Fallata, Barnawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ne ma kyaftin. Shaikh Umar Fallata ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi. Waɗannan nake so ɗana ya sani.

Malam Bashir, Madina:
Ya akhi, ba wanda ya hana. Amma ka sani malamanmu da kansu sun yi amfani da sunan ba tare da jin kunya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa wa littafinsa na tarihi suna Infaƙul Maisur fi Tarikhi Biladit Takrur, kuma ƙasashenmu yake nufi, har da ƙasar Hausa da Barno. Ahmad Baba na Tumbutu ana rubuta "at-Takruri" a jerin nasabarsa. Akwai iyalai a Hijaz da sunan gidansu ke nan. In muka bar wa ɗan titi kalmar, mun ba shi abin da ba nasa ba. A rubuta ta, a rubuta kuma cewa wasu suna jifa da ita. Ƙamus yana da wurin irin wannan gargaɗi.

Hajiya Laraba, Jidda:
Duk kun taru a kaina, maza huɗu. To ina tambaya. Yaran nan ba sa zuwa Najeriya hutu? Ranar da yarinya ta sauka a Kano ta ce wa gwaggonta "mu Takari ne" tana murmushi, don Malama ta koya mata sunan malamai ne, wa zai tare mata dariyar da za a yi?

Usman, Gadarif:
Wannan kam gaskiya ce.

Nura, Riyad:
Shi ya sa lamba kaɗai ba ta isa ba. A gaban kowace ma'ana a rubuta inda ake faɗinta. Ta farko: a Hijaz. Ta biyu: a Najeriya da Nijar, kuma ita ce ta fi yawa a can. Da a Kano ake buga littafin don 'yan Kano, ni da kaina zan ce a juya jerin, ta Hajiya ta hau sama.

Hajiya Laraba, Jidda:
A rubuta "ita ce ta fi yawa a can" da babban baƙi, ba ƙanana irin na takardar magani ba.

Malama Sa'adiyya, Makka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na tsara, a duba mini.

Takari. 1. A Hijaz: mutumin da asalinsa Afirka ta Yamma ne, mazaunin Makka, Madina ko Jidda, ko zuriyarsa. Larabawa suna cewa takruni, wasu suna faɗinsa don raini, saboda haka kada ka kira wani da shi. 2. A Najeriya da Nijar, kuma ita aka fi sani a can: wanda ya je Saudiyya ya zauna yana neman kuɗi ba takardar zama. Misali: ta tafi takari. Asali: daga Takrur, tsohuwar daular Musulunci a bakin kogin Sanagal.

Daular na cire ta daga lamba, na mai da ita bayanin asali, bisa maganar Malam Bashir. Kawu, "takarrara" tana ƙasa, na rubuta "wasu dattawa suna cewa".

Abu Rayyan, Makka:
"Kada ka kira wani da shi" ta yi mini. Amma a ƙara Hausawi a harafin H.

Malama Sa'adiyya, Makka:
Tana nan tun tuni.

Malam Bashir, Madina:
Gyara ɗaya. A misalin nan, "ta tafi takari", kalmar ba mutum take nufi ba, zaman ne ko sana'ar. Ko dai a sauya misalin zuwa "'yar takari ce", ko a buɗe lamba 3.

Hajiya Laraba, Jidda:
A buɗe lamba 3. Kuma a daina sa "ta" kaɗai, maza ma suna tafiya, wasunsu suna cikin zauren nan sun yi shiru.

Usman, Gadarif:
Malama, in kin gama ki turo mini ta WhatsApp, akwai yara a nan da za su amfana. Amma ki bar mini harafin F a buɗe. Fallata ba zan yarda a rubuta ta daga Makka ba sai na tambayi dattawanmu na Mai Wurno, kuma na san su ma ba za su haɗu a kan lamba 1 ba.

Malama Sa'adiyya, Makka:
Na bar maka. Amma zuwa ƙarshen wata nake so in kai wa mai bugawa, kada dattawan su riƙe mini littafi.